Agusta 109: jirgin yaƙi ne ko tasin manya?

Abban Khairat: Salamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake. Daren jiya 'yan bindiga suka shiga ƙauyen kakannina, suka kora shanu, suka tafi da mutane. An kira waɗanda ya kamata a kira, har gari ya waye ko ƙarar jirgi ba a ji ba. Ina jiragen nan masu saukar ungulu, Agusta 109 ɗin da aka yi ta yi mana biki a kansu a 2019? Ni a wurina wannan tasin manya ne kawai.

Baba Saje: Allah ya kuɓutar da su. Amma ɗana, janye kalmar tasi. Waɗanda aka kawo wa sojan sama ana ɗaura musu bindiga da rokoki a gefe. Inji biyu gare shi, in ɗaya ya mutu ɗayan zai sauke ka. Tasin gidan wa ke harba roka?

Ɗan Fagge: Baba, da girmanka, tasi ne mana. Italiyawa suka ƙera shi, ya fara tashi a 1971, kuma manyan masu sayensa attajirai ne da masu jigilar marasa lafiya. Mutum 8 yake ɗauka har da matuƙi. Don ka ɗaura wa A Daidaita Sahu bindiga ba ta zama tankar yaƙi ba.

Maman Ilham: Ku ji tsoron Allah. Marigayiya Tolulope Arotile shi ta tuƙa ta yi ta fafatawa da 'yan bindiga a jihar Neja kafin rasuwarta a 2020. Direbar tasi ce ke nan?

Ɗan Fagge: Hajiya, wa ya taɓa matuƙiya? Ƙarfen muke magana.

Bazazzage: Ranar 15 ga Disamba 2012 a cikin irin jirgin nan gwamnanmu Patrick Yakowa ya rasu tare da Janar Azazi a Bayelsa. Daga jana'iza suke. Wane yaƙi suka je? Inji biyun kuma me ya hana?

Baba Saje: Wancan na sojan ruwa ne. Kai yaro, ka taɓa kwana a bariki?

Bazazzage: Sai na yi soja zan san gwamnana ya mutu, Baba?

Malam Injiniya: Duk ku bar wannan. Mi-35 na Rasha shi ne jirgin yaƙi, ga sulke ga nauyi.

Ɗan Fagge: Kai dai komai Rasha. T129 na Turkiyya fa?

Malam Injiniya: Shi ma ai daga jirgin Mangusta na kamfanin Agusta ɗin aka samo shi. Je ka yi karatu.

Ɗan Fagge: Karatun da ya bar ka kana gyaran janareto?

Abban Khairat: Jama'a, har da matar ƙanena a cikin waɗanda aka tafi da su.

Malam Injiniya: Allah ya bayyana ta. Ɗan Fagge, sai ka janye maganar janareto.

Shugaban zaure: An rufe nan. Abin da ya fito fili, kamar yadda Baba Saje ya yi bayani da hujja, jirgin na yaƙi ne, masu cewa tasi ba su kawo komai ba sai rashin kunya ga manya. Ɗan Fagge, wannan gargaɗinka na biyu ne.