Laftof ɗina tana kai digiri 70 alhali ba na aikin komai

Ɗan Taura: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Ina da ɗan shagon buga takardu a ƙauyenmu nan gefen Taura, HP EliteBook 840 G3 ce da ni tokumbo, Core i5. Na saka Core Temp, manhajar auna zafin kwamfuta, sai na ga tana nuna 68 zuwa 72 ko ban buɗe komai ba, fanka kuma sai ihu take kamar injin markaɗe. Wlh hankalina ya tashi don da ita nake ci da iyali. Ƙonewa za ta yi?

Injiniya Gaya: Wa alaikumussalam. Kwantar da hankalinka, furosesan nan, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sai ya kusa 100 yake rage gudu da kansa, in abin ya wuce ma kashe kanta za ta yi. Amma 70 a zaune ya yi yawa. Abin da mutane ba sa lura da shi, fanka ba ƙanƙara take yi ba, iskar ɗakin take ja ta hura wa ƙarfen da ke kwashe zafin, to kai kana ɗakin kwano a watan Afrilu iskar kanta ta haura 40, ta ina za ka ga 35 ɗin da Turawa ke faɗa a YouTube, su fa ɗakinsu 22 ne. A bazararmu in ka ga 50 zuwa 55 ba laifi. Ragowar kuma ina zargin ƙurar hunturu ce ta toshe mafitar iskar, na sha buɗewa in tarar ta dunƙule kamar auduga.

Maman Hanifa: Malam kafin ka kwance komai danna Ctrl Shift Esc ka duba kashi nawa furosesan ke aiki. Tawa haka ta yi, ashe Windows ce ke ta sabunta kanta a ɓoye. Kuma a kan me kake ɗora ta? In darduma ce ko katifa to ka toshe mata hanci.

Ɗan Taura: Hajiya kashi 4 ne kawai. Amma gaskiya tebur ɗin akwai ledar shimfiɗa mai kauri.

Injiniya Gaya: To cire ledar, ka sa mata katako ta baya ta ɗan ɗaga. Sannan man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen, mashin ɗin 2016 ne, in ba a taɓa canzawa ba ya bushe ƙamas. A cire batir, a goge tsohon da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, kar a lafta. In za a hura da bulowa a riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyi ta lalace. Ana samun man a Beirut Road in ka shiga Kano. Kuma dan Allah kar wani ya ce ka sa man goge baki, na ga wanda aka yi wa haka.

Ɗan Taura: Na dawo da bayani. An buɗe jiya, ƙurar da ta fito sai da na ji kunya. Yanzu da azahar 54 take nunawa, da asuba 43, fankar ma da ƙyar nake jin ta. Allah ya saka da alheri Injiniya, Hajiya na gode.