Man Kolmani: wai idan ya fara fitowa za a daina yi mana gori?

Ɗan Alkaleri:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar man fetur. Tun watan Nuwamban 2022 da Buhari ya zo Kolmani, nan tsakanin Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da aikin haƙar mai, aka ce mana akwai ganga wajen biliyan ɗaya kwance a ƙasa ga kuma iskar gas, mutanenmu suka yi ta murna har wasu suka fara rububin sayen filaye, to yanzu shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. Abin da nake son sani, idan man ya fara fitowa mu ma za a ba mu kashi 13 cikin 100 ɗin nan na kuɗin mai da ake ba jihohin Neja Delta? Sannan 'yan Kudu za su daina ce mana cima-zaune? Wallahi kalmar nan tana min ciwo.

Mai Albasa Fatakwal:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni na daɗe ina kai kaya Fatakwal, kuma gaskiya kafin ka yi fatan mai ya fito a gonarku ka fara zuwa ka ga garuruwan da ya riga ya fito. Wajen 2016 zuwa sama akwai wani baƙin hayaƙi da ya rufe garin, ka wanke farar riga ka shanya da dare, da safe ka ɗauko ta duk ɗigo-ɗigon baƙi, ka fyace majina ita ma baƙa, yara kuwa tari ba ya ƙarewa. A Oloibiri ta Bayelsa aka fara samun mai a 1956 amma har yau mutanen wajen suna kukan ruwan sha da hanya. Yankin Ogoni na jihar Ribas kuwa ba a magana, ɗan fafutukarsu Ken Saro-Wiwa da mutum takwas aka rataye a 1995 zamanin Abacha, rigimar kuma asalinta malalar mai ce da ta kashe musu kifi da gonaki, sannan a 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sai an yi shekara 25 zuwa 30 kafin a gyara ƙasar. Fushinsu yana da dalili, sai dai a kan mai kayan gwari da mai wankin takalmi yake sauka, alhali gwamnoninsu ne ke karɓar kashi 13 ɗin duk wata.

Maman Hafsat:
Yayana Mai Albasa ka faɗi gaskiya. Ni abin da ke damuna shi ne yadda ake maida komai addini. Lokacin zaɓen 2023 ba irin huɗubar da ba mu ji ba kan tikitin Musulmi da Musulmi, can ma a coci ana nasu, maƙwabta da suka shekara suna aikewa juna abincin sallah da na kirsimeti suka koma kallon hadarin kaji. Aka gama zaɓe, ranar 29 ga Mayu Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ta wuce dubu. A layin gidan mai ban taɓa ganin an tambayi kowa addininsa ba. Yarana biyu yanzu a ƙafa suke zuwa makaranta saboda kuɗin adaidaita ya fi ƙarfina, matar da muke haɗa katanga da ita Kirista ce ita ma nata a ƙafa suke tafiya.

Bakano Na Asali:
Hajiya ban ƙi ta taki ba amma gorin nan kam sai an mayar da martani. Kafin mai ya zama abin dogaro gyaɗa da auduga da fatu da kuzar Jos suna cikin abin da ke kawo wa ƙasar nan kuɗin waje, kuma a tsarin mulkin 1963 rabin kuɗin ma'adinai yankin da ya fito ake bar wa, sojoji ne suka zo suka tattara komai Tarayya. Ɗan Alkaleri amsarka ita ce eh, doka ba ta ce sai Kudu ba, duk jihar da ake haƙar mai a cikinta tana da kashi 13, amma fa sai an haƙo an sayar, bikin ƙaddamarwa ba ya kawo ko sisi. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 3 na kuɗin gudanar da aikin kamfani ga garuruwan da ake haƙar, ta kuma ware kashi 30 na ribar man NNPC don neman mai a sababbin wurare irin namu, wannan ma ya ƙara ɓata wa 'yan Neja Delta rai sosai, don haka kada ka sa ran gorin zai tsaya nan kusa.

Badamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Mu nan matatar SORAZ tana aiki tun 2011 da man da ake haƙowa a Agadem nan Nijar, ganga 20,000 a rana, ga bututu an ja har gaɓar teku a Benin. Amma matasanmu da yawa har yanzu Kano da Agadas suke tafiya cirani. Ku dage tun yanzu a rubuta muku yawan 'ya'yanku da za a ɗauka aiki, kar ku bari sai injuna sun fara juyawa.

Ɗan Alkaleri:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam Bakano saura abu ɗaya, akwai dattawa a wajenmu da gonakinsu na gado ne ba su da ko takarda ɗaya sai shaidar mai unguwa da maƙwabta, idan aikin ya biyo ta kansu wa zai biya su diyya, gwamnatin jiha ko kamfani? Kuma ƙasar ake biya ko amfanin gonar da ke kai kawai?