Me za mu kira «économie circulaire» da Hausa, kuma da wane mudu za a auna ta?

Mai Fassarar Rediyo:
Assalamu alaikum malamai. Kalmar économie circulaire ta fara yawa a takardun muhalli, kuma ana bukatar Hausarta, wadda mai sauraro a Birni ko Zango ko Mirriya, a nan Damagaram ta Nijar, zai gane ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Abin nufi shi ne kaya ya daɗe yana aiki, in ya lalace a gyara, in ya ƙi gyaruwa a cire sassansa, abin da ya saura a narke ko a mayar taki, a rage haƙo sabo. Uku nake jin ana faɗa: tattalin arzikin sake sarrafawa, na da'ira, da na juyi. Sai kuma sunan ma'auninsa, wato alƙaluman da ke nuna an ci gaba ko an koma baya.

Malamin Ƙididdiga:
Wa alaikumus salam Malama. A fara da ma'aunin, shi zai tace kalmomin. Hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai, Eurostat, tana ɗaukar nauyin kayan da aka ceto daga shara aka mayar da su aiki, ta raba shi da jimillar duk kayan da aka yi amfani da su a shekarar, sabo da wanda aka ceto. A ce gari ya ci tan 90 na sabon kaya da tan 10 na wanda aka ceto, ma'aunin ya zama 10 cikin 100. Na Tarayyar Turai a 2023 kashi 11.8 ne. Na duniya gaba ɗaya, a lissafin ƙungiyar Circle Economy ta ƙasar Holan, kashi 9.1 ne a rahoton 2018, ya sauka 8.6 a 2020, ya sake sauka 7.2 a 2023. Dalilin saukar shi ne abin da ake haƙowa sabo, wanda ya kai kimanin tan biliyan 100 a shekara, yana ƙaruwa da saurin da ceto bai kamo shi ba. Saboda haka «sake sarrafawa» ta gaza. Gari zai iya ninka abin da yake narkewa, ma'auninsa kuma ya faɗi, muddin cinsa na sabo ya fi haka hauhawa. Kalmar da muke nema dole ta ɗauki har da rage ci.

Maƙerin Tukwane:
Malam ya yi daidai, kuma «juyi» a bar ta. Duk wanda ya ji juyi a rediyo a ƙasar nan hankalinsa ba kan shara zai tafi ba. «Da'ira» kuma ta allon makaranta ce, tana tsaye ba ta motsi.

Ga abin da mai awo zai kiyaye a maƙera. Abin da aka saya a sikeli daban, abin da ya zama tukunya daban. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, amma kafin a zuba shi a yashin zubi sai an kwashe kashin ƙarfe, wato dattin da ke tasowa a kai. Mai kauri irin tsohuwar tukunya ko murfin inji ba ya yin asara da yawa. Gwangwanin lemo kuwa siriri ne, ga fenti, rabonsa na ƙonewa ya zama kashi ya fi yawa nesa ba kusa ba, musamman in an watsa shi a wuta a sake. Sai an daddanne shi ya dunƙule, a nutsar da shi cikin wanda ya riga ya narke. A ce an sayi kilo 100, aka fitar da tukwane kilo 75: 75 ɗin za a rubuta, ba 100 ba. Kuma kayan su bushe ƙarau, don ɗigon ruwa a cikin gwangwani yana sa narkakken ƙarfe ya yi tsalle ya ƙona mutum. Wani abin da sikeli ba ya gani: in aka haɗa da tarkacen da ke da darma a jiki, irin tsohon lagireto mai liƙi, gubar tana bin tukunya ta shiga abinci. Nauyi ya cika, amma wannan ba ci gaba ba ne.

Hajiya Mai Ƙungiyar Tsafta:
To ni ga tawa: tattalin arzikin zagayowa. Muna cewa shekara ta zagayo, layi ya zagayo kanka, kuɗin adashi ya zagayo. Wannan «-o» ɗin shi ne magana, abu ya tafi ya dawo hannu. Kishiyarsa kuma, wanda ake haƙowa a ƙera a yi amfani a zubar, a ce masa tattalin arzikin ci-ka-yar.

Ɗalibin Jami'a:
Hajiya, da izininki, «kewayo» ba ta fi gajarta ba?

Hajiya Mai Ƙungiyar Tsafta:
Ɗana, faɗi «kewayo» sau uku da sauri a gaban yara ka ga ko ba makewayi za su tuna ba. Zagayowa tana da «zagayowar shekara» da ke riƙe ta a kunnen kowa.

Bari in ƙara kan awo, don a nan Damagaram sharar gida tana da wata matsala da ba a samu a Turai: yashi. Tsakar gida ta ƙasa ce, tsintsiya tana kwaso rairayi da toka tare da komai, kuma su ne masu nauyi. Wanda ya auna amalanke a cike ya ce shara ce ya auna ƙasar Allah. Hanyar da ke ba da lissafi na gaskiya ita ce a zaɓi gidaje daga unguwanni masu hali da marasa hali, a raba buhuna, a karɓa kwana 8 a jere. Ta ranar farko a zubar ba a lissafa ba, domin mutane kan haɗo da tsohuwar da ta kwana biyu a lungu. Kowane buhu a auna shi a rubuta yawan mutanen gidan. Sannan a zube a kan tamfol, a cakuɗa, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a maimaita har ya rage kamar kilo 100. A tankaɗe yashi da rariya a auna shi daban, sauran a ware: ragowar abinci da kashin dabbobi, leda, roba mai tauri, ƙarfe, kwalba, tsumma, takarda. A yi da rani, a sake yi da damina, don jiƙaƙƙiyar shara tana ƙara nauyi ba tare da ta ƙaru ba. Leda kuwa a ƙirga ta da buhu ban da kilo. Ba ta da nauyi, sai ta fito ƴar kaɗan a takarda, alhali ita ke toshe magudanar ruwa, ita ke cika tumbin awaki. Dokar da ta hana shigo da ita da sayar da ita a Nijar tun 2014 take, amma kowa ya ga yadda take maƙale a bishiyoyin bakin gari.

Malamin Ƙididdiga:
Na karɓi zagayowa. Ma'aunin sai ya zama «kason zagayowa»: kason zagayowa na bana kaza ne cikin ɗari. Ya zauna a baki.

Kurakurai biyu da ke kumbura wannan kaso. Na farko lissafi sau biyu: yaro ya sayar wa mai sikeli, mai sikeli ya sayar wa dillali, dillali ya loda mota, in an tambayi ukun aka tara, kilo ɗaya ya zama uku. A ƙirga a ƙofa ɗaya tak, ko bakin wutar maƙera ko wurin lodi. Na biyu ƙarfen da ke tsallaka iyaka. Eurostat tana rubuta shi a lissafin ƙasar da ta tattara ta fitar, tana cire wanda aka shigo da shi daga waje. In ba a bi wannan ba, mu da Najeriya za mu ƙirga mota guda.

Mai Gyaran Waya a Kasuwar Dole:
Ranka ya daɗe Malam, to mu ina muke a wannan kaso? Wayar da aka canza wa batiri ko gilashi ta ƙara shekara biyu ba ta shiga shara ba balle a ceto ta. Haka mai ɗinkin takalmi, da mai bosho, da wanda ke yanka tsohuwar taya ya yi guga.

Malamin Ƙididdiga:
Ba kwa ciki kai tsaye, kuma raunin ma'aunin ke nan. Aikinku yana bayyana ne a raguwar sabon da ake saye, wanda ba ya nuna wa ya yi shi. Shi ya sa ma'aunin da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2015, mai tashi daga 0 zuwa 1, ya sa tsawon rayuwar kaya a cikin lissafi, kuma ƙa'idar duniya ta awon zagayowa, ISO 59020 ta 2024, ba ta tsaya kan adadi ɗaya ba. A nan sai a ajiye littafi na biyu a rumfunan gyara: kaya nawa suka shigo a wata, nawa suka fita da rai, nawa aka fasa don sassa. Wannan a kira shi «kason gyaruwa». Takin da manoma ke ɗiba daga juji zuwa gona kafin shuka shi ma a ƙirga amalanke, amma bayan an cire yashi da leda.

Mai Fassarar Rediyo:
Madalla. Tattalin arzikin zagayowa, kishiyarsa ci-ka-yar, sai kason zagayowa da kason gyaruwa. «Sake sarrafawa» ta tsaya a matsayin recyclage kaɗai, wato narke shara a ƙera sabon abu. Saura réemploi, wato a sake amfani da abu yadda yake ba narkewa, kamar kwalbar da aka wanke aka zuba man gyaɗa. Baba Maƙeri, Hajiya, ku me kuke ce masa a wurin aiki?