Na tsinci tsohon fiyano a haraj, in gyara ko in rabu da shi?

Abu Safiyya, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Juma'a na shiga Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo ta nan Jidda, neman fanka, sai idona ya faɗa kan wani fiyano ruwan ƙasa, mai nauyin tsiya, an rubuta Yamaha DX7 a jikinsa. Riyal 400 na biya, mai kayan ya haɗa min da wata 'yar taransifoma. Da na kai gida sai na ga ba lasifika, ba gangunan da ake saki a biki. Sunayen sautukan da ke ɗan allon duk sun hargitse, wani sautin kamar ana gogar kwano, wani shiru. Don yarona na saya ya koya. Me kuka gani?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, kar ka kuskura ka jona shi ba tare da taransifomar nan ba. Duba bayansa. In ka ga 100V, na kasuwar Japan ne, wutarmu ta nan 220 za ta ƙone shi nan take.

Mai Studiyo, Makka:
Yaya, ba ka yi asara ba, batir ne ya mutu. Akwai ɗan batir CR2032 a ciki da ke riƙe sautuka 32 da ke ƙwaƙwalwarsa, kuma a liƙe yake da dalma, sai mai gyaran rediyo ya cire. Bayan an sa sabo, a mayar da sautukan asali ta wayar MIDI (wayar da ke haɗa kayan kiɗa da kwamfuta), ko ta katirij, ɗan akwatin ajiyar sautuka da ake soka masa, in ka samu.

Wannan abin a 1983 ya fito. Ba naɗaɗɗen sauti ke cikinsa ba, lissafi yake yi: injinan sauti 6 ne suke murɗa juna ta tsari 32, dabarar FM da John Chowning ya gano a jami'ar Stanford. Shi ya sa ƙararrawa da marimba da bas ɗinsa suke fita tsaf kamar gilashi, amma goge ba ya daɗi. In an gyara, nemo sautin da ake kira E.PIANO 1, ka taɓa a hankali, sannan ka doka da ƙarfi. Za ka ji muryar ta canza, ta yi kaifi. Ni wannan kaɗai ya ishe ni. Sai dai gyara sauti a kansa azaba ce, ɗan allo guda da maɓallai shafaffu, da yawa sun haƙura.

Ɗan Mai Wurno, Riyad:
Ya danganta da kiɗan da yaron ke so, ɗan uwa. In na Larabawa ne irin bayati da rast, wannan DX7 na farko ba ya ba da rubu'in sauti, wato ɗan sautin da ke tsakanin maɓallai biyu na kusa da juna, sai DX7II da ya biyo baya. Namu na Sudan mai tsani biyar, wato wanda aka gina kan sautuka biyar, kuwa zai zauna daram. Amma ganga babu, kar ka wahalar da kanka nema.

Ummu Hanan:
Malam, ɗan koyo da abin da ba ya magana sai an nemo masa lasifika? Saya masa ƙaramin PSR, fiyanon Yamaha mai lasifika a jikinsa.

Abu Safiyya:
Na duba, 100V ɗin ne, Allah Ya tsare. Gobe zan kai a canza batirin. Mai Studiyo, wace irin wayar MIDI zan tambaya a shago?