Gangarar keken guragu a bakin gini: akwai ƙa'idar awo ko kowa da yadda yake yi?

Sakataren_Kwamiti:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin gini da waɗanda abin ya shafa ku taimaka min da shawara. Ina cikin kwamitin gyaran wani ɗakin karatu na jama'a, tsohon gini ne, a bakin ƙofa akwai matakala uku, na sa tef na auna daga ƙasa zuwa dakalin ƙofar santimita 45 ne. Abin da ya tayar min da hankali shi ne satin da ya wuce wani ɗalibi ya zo a keken guragu, sai da mutum biyu suka ciccibe shi da keken gaba ɗaya suka shigar da shi, ya yi godiya amma duk wanda ya kalli fuskarsa ya san bai ji daɗi ba, kuma tun ranar ban sake ganinsa ba. Na kawo maganar a yi gangara, birkilan ya ce zai zuba siminti a gefen matakalar tsawon mita ɗaya da rabi shi ke nan an gama. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai ƙa'ida ne? Kuma bayan gangarar me ya rage?

Injiniya_B:
Wa alaikumussalam. Malam dan Allah ka tsayar da birkilan nan kafin ya kwaɓa siminti. Mita ɗaya da rabi a kan tudun santimita 45, mai keke ba zai iya tura kansa ya hau ba, in ma ya matsa keken zai iya kifewa da shi ta baya, wajen saukowa kuma babu birkin da zai riƙe shi.

Awon da aka fi amfani da shi shi ne 1:12, shi ne a ƙa'idojin dokar masu naƙasa ta Amurka, ADA, wadda aka sa wa hannu a 1990, kuma ƙasashe da yawa nasu awon kusa da wannan yake. Ma'anarsa duk santimita ɗaya na tudu sai ka ba shi santimita 12 na tsawo. Naku 45 sau 12, wato mita 5.4. Kuma wannan shi ne iyakar tsinin da aka yarda, in kuna da fili ku ƙara tsawo ya fi sauƙin hawa. In filin gaba bai kai ba a kwantar da ita ta jikin bango, ko a lanƙwasa ta a yi kwana, amma a kwanar sai an bar fili shimfiɗaɗɗe na juyawa.

Faɗi kar ya gaza santimita 91.5 tsakanin ƙarafan riƙo. A sama da ƙasa a bar wuri a miƙe mai tsawon mita 1.5. Ƙarfen riƙo gefe biyu, tsayinsa daga santimita 86 zuwa 96, da ɗan dakali a gefe don kar taya ta zame ta faɗa. Kar a sa tayil mai santsi, ana ruwa ya zama tarko, gara simintin da aka ja masa burushi tun yana ɗanye. Sai ka auna ƙofa a buɗe, daga jikin murfin zuwa ɗaya gefen, kar ta gaza santimita 81.5.

Mai_Keke:
Injiniya Allah ya saka da alheri, duk abin da ka faɗa haka yake. Ni shekarata 11 a keke, bari in ƙara abin da sai wanda ke kai yake gani. Filin nan na sama da ya ambata shi aka fi mantawa, sai ka wahala ka hau ka tarar gangarar ta ƙare daidai jikin ƙofa kuma ƙofar waje take buɗewa, to da wane hannu zan riƙe taya da wane zan ja ƙofa, ina sakin tayar baya zan koma.

Amma wallahi babbar matsalata banɗaki ce. Na sha shiga gini mai gangara mai kyau amma ƙofar bayin ko gaban keken ba ta ɗauka, ko in shiga in kasa rufe ƙofa saboda ciki take buɗewa. Akwai ranar da na je taro tun safe na ƙi shan ruwa har yamma saboda na riga na leƙa bayin na ga ba zan shiga ba. Ana buƙatar fili da keke zai juya, da'ira mai faɗin mita 1.5, ƙofa ta buɗe waje, ƙarfen riƙo a gefe da bayan masai wanda aka kafe da kyau zai ɗauki nauyin mutum, tsayin wurin zama santimita 43 zuwa 48 don ya zo daidai da keke. Mariƙin ƙofa a sa mai dannawa ƙasa, mai murɗawa ɗin nan wanda hannunsa ba ƙarfi ba ya iyawa. Kuma dan Allah in an gama kar a mayar da bayin sito a zuba bokitai da tsintsiya a kulle, kar a bari ana ajiye mota ko babur a bakin gangarar.

Shawarata Malam, ka nemo ɗalibin nan. Ku bi hanyar tare tun daga bakin get har teburin karɓar littafi, tsakanin kantoci, har bayi, ba mai tura shi. Duk inda ya tsaya ka rubuta.

Malama_Z:
Ni makafi nake koyarwa, ina roƙo a tuna da su, don da an ce naƙasa sai hankali ya tafi kan keke kawai. Matakalar nan uku kar a rushe ta, masu sandar dogarawa da tsofaffi da yawa sun fi son taka matakala mai ƙarfen riƙo a kan doguwar gangara. A shafa wa bakin kowace fenti mai haske da ya bambanta da sauran, saboda masu gani dishi-dishi. Akwai kuma tayil ɗin nan mai ƙuraje da ake ji da ƙafa ko sanda, wani Bajapane Seiichi Miyake ya ƙirƙiro shi, aka fara shimfiɗa shi a birnin Okayama a 1967. Mai dogayen layuka na nufin bi nan, mai ɗigo-ɗigo na nufin tsaya akwai haɗari, shi ake sawa a saman matakala.

Abin da ya fi ji wa ɗalibaina ciwo shi ne abin da ya fito daga bango daidai kai ko ƙirji, taga a buɗe, allon sanarwa, tukunyar kashe gobara da aka rataye, sanda ƙasa take bi ba ta jin su sai dai mutum ya ji a goshi. Kurame kuma ƙararrawar gobara ba ta yi musu komai sai da fitila mai walƙiya.

In 'yan kwamiti sun ce ɓarnar kuɗi ce don mutum ɗaya, ka gaya musu Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum biliyan 1.3 ne ke da naƙasa, kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya. Kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa, sashe na 9, ta lissafa shiga gine-ginen jama'a cikin haƙƙoƙinsu. Ka kuma tambayi hukumar da ke ba da izinin gini a inda kake, don awon kan ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Sakataren_Kwamiti:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na koma da tef ɗazu. Babbar ƙofa ta wuce, santimita 90 ce, amma ta bayi 68 kawai kuma ciki take buɗewa kamar yadda Mai_Keke ta ce, dole a fasa gefen bangon. Jikin ginin akwai mita 8 ba komai, gangarar za ta kwanta har da filin sama. Birkila na ce ya dakata. Na samu lambar mahaifin ɗalibin a rajista, ya ce zai kawo shi ranar Asabar mu zagaya tare. Injiniya tambaya ɗaya, ƙarfen riƙon a cikin simintin ake binne ƙafafunsa ko bayan ya bushe ake ɗaurewa da noti?