Me za mu kira "sikirin-tayim" a takardar iyayen yara?

Shugabar makarantar firamare, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum malamai. Kwamfuta ta fara shiga ajin 'yan firamare, har da nazare, kuma takardar da ake aika wa iyaye tana buƙatar kalmar Hausa ta abin da Turawa ke kira sikirin-tayim, wato tsawon lokacin da idon yaro ke kan fuskar kwamfuta, waya ko talabijin. Wasu na rubuta "lokacin allo". Ya kuka gani?

Malamin Hausa, Argungu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kul! Ki aika wa uba a Gwandu ko Jega takarda mai cewa "a rage wa yara lokacin allo", gobe da sassafe yana bakin ofishinki yana tambayar wa ya ce a rage karatun Alƙur'ani. Allo a kunnenmu na tawada da alƙalami ne, sannan ga allon bango na aji. Jaki ɗaya ba ya ɗaukar kaya uku. "Lokacin kallo" ya fi kusa, sai dai kallo ya riga ya tafi wajen fim da ƙwallo. Yaron da ke koyon buga haruffa ba kallo yake ba.

Mai gyaran kwamfuta, Jega:
Allah gafarta Malam, a shago ba mai cewa allo. "Sikirin ya fashe" ake cewa, daga mai digiri har mai tallan goro. Gilashi kuwa shi ne na sama da ake mannawa don kariya, kada a haɗa su. A bar sikirin, ya zama ɗan gida kamar yadda bokiti da tebur suka zama.

Likitan ido, Birnin Kebbi:
Na yarda da sikirin. "Lokaci" ɗin ne nake so a duba, domin kalmar za ta yi aikin awo. Mutum na ƙifta ido kusan sau 15 a minti ɗaya. In ya ƙura wa sikirin ido sai ya koma sau 5 zuwa 7. Hawayen da ke jiƙa ido ya bushe, ga hunturu da ƙura, sai ka ga yaro yana murza ido da bayan hannu, idon ya yi ja, ya ce kansa na ciwo. Maganin da ake koyarwa: duk minti 20 a ɗaga kai a dubi abin da ke nesa kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Bishiyar da ke bayan taga ta isa. Tazarar ido da sikirin ta kai tsawon hannu, saman sikirin kuma ya yi daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Bencin ajinmu an yi shi don littafi ne, shi ya sa ƙaramin yaro ke ɗaga haɓa, babba kuma ya duƙa.

Saboda haka ni "zaman sikirin" nake so. Zama ana ƙirga shi: zama ɗaya, zama biyu. Kuma ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan 'yan ƙasa da shekara 5 a kan zaman take magana: ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban sikirin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in an rage ya fi. Awa ɗayar nan har da wayar uwa da talabijin ɗin falo, ba ta aji kaɗai ba.

Malamin Hausa, Argungu:
Likita, ka ɗauko ta. Muna da zaman makoki, zaman kotu, zaman jira, don haka "zaman sikirin" ba baƙo ba ne a baki. Yana ma karɓar reshe: zaman sikirin na aiki da na kallo. Malami ya iya cewa yau 'yan aji uku sun yi zama biyu na minti 20.

Mai gyaran kwamfuta, Jega:
Tunda an buɗe, a taɓa "kwamfutar cinya" ma. Sunan na koyar da ɓarna. Yawancinsu ta ƙasa suke shan iska. A ɗora a cinya, katifa ko darduma, ramukan sun toshe. Fanka ta dinga kuka, na'ura ta yi nauyi, a zafin Afrilu ma ta kashe kanta ana tsakiyar darasi. Tebur mai tauri take so, a kuma hure mata ƙura duk ƙarshen zango, musamman bayan hunturu. A ce laftof, ko kwamfutar ninkewa.

Shugabar makarantar firamare, Birnin Kebbi:
Madalla. Ga yadda zai shiga takarda: "Zaman sikirin a aji minti 20 ne, sannan a rufe laftof a huta da ido. Muna roƙon iyaye su ƙirga zaman gida tare da na makaranta."

Malamin Hausa, Argungu:
Hajiya, "a hutar da ido", ba "a huta da ido" ba. Sauran ya yi.