Tasha, layi ko ziri? Neman suna ga sautin da aka cika da shiru

'Yan'uwa masu tace sauti, ku matso. Jiya ina koya wa wani ƙanena aiki da SoX, manhajar sarrafa sauti, sai na rasa kalmar da zan kira abin da Bature ke ce wa channel, wato kowane ɗaya daga cikin sautukan da ke tafiya tare a fayil, kowanne da lasifikarsa. Fayil ɗinsa na sitiriyo ne, hagu da dama, amma inda zai kai aikin sun ce shida suke so, tsarin 5.1. Dole ya ƙara guda huɗu waɗanda ba a jin komai a cikinsu.

Bakina ya fara kawo "tasha". Yaron ya ɗauka ta talabijin nake nufi, kuma yana da gaskiya, rediyo da YouTube sun riga sun riƙe wannan kalma. "Layi" kuma na waya ne.

Ni dai "ziri" ya kwanta mini. Ku tuna zane saƙi: masaƙi yana fitar da ƙyalle siriri mai tsawo, a jera shi gefe da gefe da 'yan'uwansa a ɗinke, kowane tsawonsa ɗaya da na kusa da shi. Haka sautin yake zaune a cikin fayil. Zirin hagu, zirin dama, zirin tsakiya inda ake sa magana, zirin sauti mai kauri mai ɗauke da rugugi, sai biyu na baya.

Saura zirin da ba ya fitar da sauti. Wani abokin aiki ya ce "holoƙo". Ban yarda ba, domin ba fanko ba ne. Sifili ne jere daga farko har ƙarshe, kuma a fayil ɗin WAV yana cin wuri daidai da mai kiɗa. "Bebe" kuwa na ƙi shi, kalma ce ta lalurar mutane, kuma tana nuna kamar wani abu ya lalace, alhali da gangan aka sa shi.

Saboda haka: zirin shiru.

Da na rubuta masa `sox a.wav b.wav remix 1 2 0 0 0 0`, na ce 1 da 2 su ne hagu da dama, kowane sifili kuma zirin shiru ne, nan take ya gane. A FFmpeg kuma, wata manhajar sarrafa sauti da bidiyo, `anullsrc` ke samar da shi.

Mutanen Zinder da Maraɗi, ku da kuka taso da Faransanci, me kuke kiransa a situdiyo? Idan da kalmar da ta riga ta zauna a bakinku, ina so in ji.